Ranar da na buɗe agogon Baba

Kwanakin baya na sa hoton wani tsohon agogo a wannan shafi, ina cigiyar mai gyara na ƙwarai a garin nan. Mutane da dama sun ba ni amsa, wasu har waya suka yi mini, na kuma yi alkawarin zan dawo in faɗi yadda aka ƙare. To ga ni na dawo. Labarin yana da ɗan tsawo, a yi haƙuri da ni.

Agogon na mahaifinmu ne, Allah ya jiƙansa. Seiko 5 ne mai farar fuska da sarƙar ƙarfe, irin wanda ba ya cin batir, motsin hannu ne ke ba shi wani. Baba ma'aikacin reluwe ne, yana cikin masu canza wa jirgi layi a tashar Kafanchan. Yaranmu da suka taso suka tarar da tashar shiru ba lalle su gane ba, amma jirgi ne ya raya garin nan. Tun 1927 nan ne mahaɗa. Layin da ya taso daga Fatakwal ya biyo ta Inugu da Makurɗi a nan yake rabuwa biyu, ɗaya ya nufi Kaduna, ɗaya ya haura wajen Jos, wanda daga baya aka ja reshensa har Maiduguri a 1964. Kuma layin ƙwaya ɗaya ne, mai zuwa da mai komawa duk a kansa suke bi. Don haka wanda aikinsa ba jirgi hanya ne, minti biyu a wurinsa ba abin wasa ba ne.

A 1975, zamanin Gowon, aka biya ma'aikata kuɗin Udoji. Wasu suka sayi rediyo, wasu keke, wasu babur, wasu suka ƙara aure. Baba ya sayi agogo. Inna ta ce ta yi kwana uku tana fushi, don ita keken ɗinki ta sa wa rai. Daga wannan rana agogon bai bar hannunsa ba sai in zai yi wanka ko alwala. Da shi muke tashi makaranta, da shi ake shan ruwa da azumi, in kuma aka yi gardamar lokaci a unguwa, wurin Baba ake zuwa a raba.

Da ya rasu aka zo rabon gado, ba wanda ya kula da agogon, don a kuɗi bai kai ya kawo ba. Inna ce ta kira ni ɗaki bayan an watse, ta kwance shi daga bakin zanenta ta sa mini a hannu. Abin da ta ce kawai shi ne: "Kada ka bari ya tsaya."

Shekara tara ina ɗaure da shi lafiya lau. Sai a watan Agustan da ya wuce, ina saukowa daga Keke Napep da kaya a hannu, na bugi ƙarfen keken da bayan hannuna. Na duba, sai ga tsaga ta ratsa gilashin daga wajen ƙarfe goma har zuwa ƙarfe biyu. Agogon yana tafiya, don haka na ce ba komai. Bayan kwana biyu ruwa ya kama ni a hanya, kun dai san markar garin nan. Da safe na tarar gilashin ya yi hazo daga ciki, ko lambobin ba a gani sosai. A nan ne cikina ya ɗuri ruwa. Tsagar gilashi muni ce kawai, amma danshi a cikin agogo ajali ne. Shi ke sa hannayen su yi tsatsa, fuskar ta yi tabo, ƙananan ƙarafan ciki su ci, kuma fuskar agogon da aka ƙera shekara hamsin da suka wuce ba a samunta a shago.

Na fara zuwa kasuwa. Wanda na samu yaro ne mai ladabi, amma sana'arsa sa batir da canza maɗauri. Ya juya agogon, ya ce a ɗiga sufa gulu a tsagar. Allah ya taimake ni ban yarda ba. Daga baya na ji cewa tururin wannan gam yana bin gilashi da fuskar agogo ya bar farin dusa-dusa da ba ya goguwa. Ban ga laifin yaron ba. Agogon da ake kawo masa yawanci na roba ne mai araha, wanda in ya lalace sai a yar a sayi wani. Wa zai koya masa abin da ba a neman sa?

Wasu a nan suka ce in aika Jos ko Kaduna, kuma shawara ce mai kyau. Amma da na gaya wa Inna, sai ta ce agogon nan bai taɓa kwana a hannun wanda ba ta sani ba. A zamanin Baba mutum ɗaya ne ke taɓa shi, wani mai gyara da ke da tebur da akwatin gilashi a tsohuwar kasuwa. Dattawanmu za su tuna shi, kullum da ɗan tabaron nan mai ido ɗaya a maƙale a fuska. Shi Kirista ne, Baba Musulmi, kuma sun yi shekara fiye da talatin suna cin goro ɗaya. Lokacin da kasuwar ta ƙone a rikicin watan Afrilun 2011, teburinsa na ciki. Daga nan ba mu sake ganinsa ba. Wata baiwar Allah da ta ga rubutuna a shafin nan ce ta kira ni ta ce yana raye, yana Kagoro wurin 'yarsa. Allah ya saka mata da alheri.

Ranar Asabar na tafi. Na same shi a zaune a ƙofar gida yana fuskantar dutse, ya tsufa ƙwarai, yana ta rufe masa ido. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗi ɗan wane ne ni. Bai ce komai ba sai da na sa masa agogon a hannu. Ya shafa shi da babban yatsa, ya kai kunne, ya daɗe yana saurare.

"Wannan na Malam ne na tasha," in ji shi. "Har yanzu yana bugawa daidai. Ɗana, me ka yi masa?"

Na ce, "Baba, gilashin ne ya tsage."

Ya ƙwanƙwasa gilashin da farce, ya bi gefensa da yatsa, ya ce, "Roba ce mai zobe. Ni na sa ta. Idona ya tafi, hannuna yana rawa, injin matsewa kuma wuta ta cinye. Amma kai kana da ido. Zauna in gaya maka."

Abin da ya koya mini a wannan yammacin, haɗe da abin da na ƙara bincikawa a intanet, shi ne zan taƙaita muku, don na san akwai irin wannan agogo a cikin akwatunan gidaje da yawa a garin nan.

Abin da muke kira gilashin agogo iri uku ne. Akwai na roba, wanda tsofaffin agogo suka fi zuwa da shi, yawanci mai ɗan doro. Akwai gilashi na sosai, ɗan uwan na kwalba amma an ƙara masa ƙarfi. Sai kuma safaya, na agogo masu tsada. Gane su ba wuya. In ka ƙwanƙwasa roba da farce ƙararta a dushe take, in ka kai ta kumatu ba ka jin sanyi, gilashi kuwa da sanyinsa. A ma'aunin taurin duwatsu mai hawa goma, roba tana wajen 3, gilashi 5 zuwa 6, safaya 9, lu'ulu'u shi ne 10. Yashi kuma yana 7. Wannan ne ya sa in ka goge agogo da bakin riga lokacin hunturu kake ganin ya yi zane-zane, ƙurar da ke kai ta fi gilashin tauri. Amma roba tana da nata alherin. Ba ta tarwatsewa ta zuba a kan fuskar agogo, kuma in zane ne kawai ba tsaga ba, ɗan man goge baki da auduga da haƙuri suna fitar da shi. Wanda nasa zane ne, kada ma ya buɗe komai.

Yadda ake zaunar da su ma ya bambanta. Wani robar zalla ce, ana tsuke bakinta da wani ƙarfe mai yatsu da yawa a saka ta a rami, in an saki ta buɗe ta kama. Wani yana da siririn zoben ƙarfe a cikin bakinsa da ke tokare shi da jikin agogo, irin namu ke nan, kuma shi matsa shi ake yi ya shiga. Wani gilashin a kan zoben roba yake zama, wani kuma da gam na musamman ake liƙa shi. Duk wanda bai san irin nasa ba, kada ya fara.

Sai awo. Dattijon ya ce a nan yawancin mutane ke faɗuwa. Rula ba ta wannan aiki, don bambancin da ke tsakanin gilashin da zai zauna da wanda zai faɗo kashi ɗaya ne cikin goma na milimita. Ya ce in je wurin makanike in ari ma'aunin nan mai baki biyu da suke kira kalifa, in auna ramin da kansa bayan na cire tsohon gilashin, a wuri uku daban-daban, sannan in nemi wanda ya ɗara ramin da ɗigo ɗaya. Da zan tafi ya sa 'yarsa ta ɗauko wani tsohon gwangwanin madara. A ciki akwai mabuɗin murfin baya, da matsefata, da tabaron nan mai ido ɗaya. Su kaɗai suka tsira, don suna aljihunsa a daren da abin ya faru. Ya ce, "Ka dawo mini da su. Kuma in za ka sayi gilashi, ka sayi biyu. Na farko na koyo ne."

Na yi dariya, a raina na ce ni ɗaya ya ishe ni. Amma na ji maganarsa.

Ya kuma gargaɗe ni kan ƙura. Ya ce babban abokin gabar mai gyaran agogo ke nan, ƙwayar ƙura ɗaya in ta shiga ƙarƙashin gilashi kullum ita za ka riƙa gani. Don haka na zaɓi safiyar da aka kwana ana ruwa. Na rufe taga, na kashe fanka, na yayyafa ruwa a ƙasa, na shimfiɗa farin ƙyalle a kan tebur, na sa faranti a ƙarƙashi don kada wani abu ya gangara. Na kori yara zuwa gidan Yaya. Shi kuwa Yaya da ya ji abin da zan yi, cewa ya yi, "Kai da ko ƙwan lantarki sai an canza maka? Karambanin akuya ke nan." Ban tanka ba, don ni ma gabana faɗuwa yake.

Na cire sarƙar. Na sa mabuɗin a ramukan murfin baya na murɗa hagu a hankali, da ƙyar ya motsa. Da ya buɗe, sai ga injin yana numfashi. Akwai wani faifan ƙarfe mai kamar rabin wata, shi ne ke juyawa in ka motsa hannu ya ba agogon wani. A ƙarƙashinsa wata 'yar ƙafa tana kai da komo, bugu shida a daƙiƙa ɗaya, wato 21,600 a awa. Na tsaya ina lissafin tun 1975 take wannan aiki, sai na ji kunyar yadda na yi sakaci da ita.

Amma abin da ya tsayar da ni ba injin ba ne. Da na juya murfin, na ga an yi wasu 'yan rubuce-rubuce a cikinsa da bakin allura. Na sa tabaron. Shekaru ne: 81, 88, 96, 04, kowace da wata 'yar alama a gefe. Ashe al'adar masu gyara ce, duk lokacin da suka wanke agogo suka sa masa mai sai su bar shaida a cikin murfi. Sau huɗu ke nan Baba ya kai agogon nan teburin abokinsa. Ta 88 ta fi taɓa ni, don shekara ɗaya ke nan bayan rikicin Maris na 1987, lokacin da mutane da yawa a garin nan suka daina gaisawa. Su biyun ba su fasa ba. Ba wanda ya taɓa ba ni wannan labari, a cikin murfin agogo na karanta shi.

Na share ido na ci gaba. Kafin inji ya fita dole a zare kunnen agogo, wato abin da ake saita lokaci da shi, wanda a Seiko 5 yake wajen ƙarfe huɗu. Akwai wani ɗan wuri kusa da gindinsa da ake dannawa a hankali da tsinke, sai ya zaro. Na kifa agogon a tafin hannuna da ƙyalle, injin ya sauko tare da fuskarsa. Ban taɓa fuskar da yatsa ba, don maiƙon hannu yana barin tabo. Na ajiye shi na kifa masa kofin gilashi. Saura kwanon agogon da tsagaggen gilashi. Na sa manyan yatsuna biyu daga ciki na tura, ya fita da ƙara ɗaya, zobensa na biye. Dattin da na tarar a ramin, na gumi da ƙurar shekara ashirin, sai da na yi rabin awa ina sakace shi da tsinken sakace.

Ramin ya ba ni 31.0 a duk wuri ukun. Na aika wa wani ɗan uwanmu a Kano awon da hoton tsohon gilashin, da lambobin bayan murfi. Ya samo guda biyu masu 31.1 a wurin masu kayan agogo a kasuwar Sabon Gari, ya ba direba ya kawo. A wajen duba lambobin ne na koyi wani abu. A agogon Seiko, lamba ta farko a jerin lambobin murfi ita ce ƙarshen shekarar da aka ƙera shi, ta biyu kuma wata. Namu ya fara da 4 da 3, injinsa kuma 6119 ne na wancan zamani, wato an ƙera shi a Japan a watan Maris na 1974. Kwana biyar injin ya yi a ƙarƙashin kofi yana jiran gilashi, ya kuma tsaya tun a rana ta biyu don ba hannun da ke motsa shi. Kullum Inna sai ta leƙo ta dube shi ta fita ba ta ce uffan ba. Wannan shirun ya fi mini faɗa ciwo.

Da gilashin ya iso na ɗora shi a bakin ramin, na ga saura ƙiris ya shige. Sai zumuɗi ya kwashe ni. Na manta abin da aka gaya mini, na ɗora babban yatsa a tsakiyar doron na danna da ƙarfi. Sai ji na yi ƙas. Sabon gilashi ya tsage gida uku. Na zauna na riƙe kai. Gaggawa dai aikin Shaiɗan ce.

Na kira 'yar dattijon ta ba shi waya. Da ya gama dariya ya ce, "Na koyo ya tafi. Yanzu saurara. Doro ba ya ɗaukar kaya. A kafaɗa ake dannawa, kuma ko'ina lokaci ɗaya." Ya ce in nemi murfin roba mai rami wanda bakinsa zai zauna a gefen gilashin kawai ba tare da ya taɓa tsakiya ba. Na zazzage gidan kaf, na gwada murfi ya fi goma, sai na wata robar magani ya dace. Na aro abin matse katako wurin kafintan unguwarmu. Na sa guntun katako mai laushi a ƙasa, kwanon agogo a kai, gilashi, ƙyalle, murfin maganin, sai wani katakon a sama. Na riƙa murɗawa kwata-kwata, ina tsayawa ina leƙa ko wani gefe ya riga wani. Sau biyu na kwance na daidaita. A karo na uku na ji wata 'yar ƙara mai taushi. Na kwance, na bi gefen da farce. Ya zauna daram, ko'ina daidai.

Sauran aikin komawa baya ne. Na hure cikin gilashin da sirinji marar allura, don iskar baki tana da danshi. Na mai da injin, na mai da kunnen har ya ce ƙyas, na juya hannayen zagaye guda don in tabbatar ba su gogar gilashin. Kafin in rufe murfin na daɗe da allura a hannu ina tunanin ko in sa tawa shekarar a ƙarƙashin 04. Na fasa. Gilashi kawai na canza, ban kai matsayin shiga wannan layi ba. Na rufe, na girgiza shi sau kaɗan, hannun daƙiƙa ya tashi.

Na kai wa Inna. Ta kai shi kunne kamar yadda dattijon ya yi, sannan ta ɗaga shi wajen haske ta ce, "Haka yake ranar da ya kawo shi." Ta ƙara da cewa har yanzu dai keken ɗinkin ya fi. Yaya kuwa da ya gani, sai ga shi washegari da wani tsohon Rado na surukinsa wai in duba masa. Na ce a'a, wannan ya fi ƙarfina.

Kuma da gaske nake. Ga mai son gwadawa, in agogonka mai tsada ne, ko gilashinsa safaya ne, ko ba ka gane yadda aka zaunar da shi ba, kai wa gwani ko da a Jos ne ko Kaduna. In za ka koya, fara da agogon da in ya lalace ba za ka yi kuka ba, kada ka yi irin kasadar da na yi. Kuma ka sani, agogon da aka buɗe a gida ba a ba shi amana a ruwa, don ba mu da na'urar gwaji, zoben robar murfin ma ya tsufa. Ni yanzu ko hadari na gani sai in cire shi in sa a aljihu. Har yau kuma da sauran aiki, don inji tun 2004 bai ga mai ba, wannan kuwa ba aikin kofi da tsinken sakace ba ne.

Shi ya kawo ni ga roƙon da nake da shi. Da na mayar wa dattijon gwangwaninsa, ya shafa gilashin ya ce ba laifi. Sannan ya ce abin da ke damunsa shi ne duk abin da ya sani zai tafi da shi, don yaran da ya koya wa sun watse, wasu acaɓa, wasu gyaran waya. Ya ce in akwai yaro mai natsuwa da ido mai kyau, shi a shirye yake ya zauna da shi, bakinsa dai bai tsufa ba. Mu a ƙungiyar nan muna tara kuɗi don abubuwa da yawa. Kayan fara wannan sana'a, da injin matse gilashi da kalifa da 'yan sukundireba, ba su kai kuɗin wayar hannu mai kyau ba, kuma kuɗin mota zuwa Kagoro ba wani abu ba ne. In akwai mai ɗa ko ƙane da yake ganin zai iya, namiji ko mace, ya yi mini magana ta akwatin saƙo in haɗa su. Ni na ɗauki nauyin kalifa, kuma agogon Baba ne zai zama aikin farko da zan kawo in yaron ya ƙware.

Masu tsofaffin agogo a ƙasan akwati kuma, ku fito da su ku duba. Allah ya jiƙan iyayenmu, ya ba dattawanmu lafiya, ya zaunar mana da garinmu lafiya.